Tsohuwar rakoda: yadda za ka gane ta, ka gwada ta, ka fitar da muryar da ke cikinta

Bayan an yi arba'in ɗin wani yayana da ya daɗe yana aikin rediyo, ɗansa ya zo mini gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da kwali ɗaure a bayan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, a ƙarƙashin gadon marigayi muka sami wannan. Inna ta ce a kawo maka ko ka san amfaninsu, in babu a zubar." Na buɗe. Ƙananan faya-fayai ne cikin gidajensu na roba, da wasu kaset-kaset da ba su wuce rabin kaset ɗin da muka saba da shi ba, sai na'ura ɗaya mai launin azurfa da ta cika tafin hannu. Na ɓalle murfin batir, wani farin gari kamar kanwa ya zubo mini a cinya. Yaron ya ce, "Ta mutu ke nan?" Na ce, "Zauna tukuna."

Irin wannan kwali yana gidaje da yawa a Damagaram: gidan tsohon ɗan jarida, gidan wanda ya yi aiki da wata ƙungiya, gidan mai bin malamai yana ɗaukar tafsiri. Akwai kuma samarin da ke ganin irin waɗannan na'urori cikin kayan gwanjo, a nan ko a Kano, su yi sha'awa su saya. Abin da na faɗa wa ɗan yayana a ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, daga gane na'urar har zuwa kwashe muryar.

Mataki na farko: ka san wace iri ce a hannunka

Kaset na da yana riƙe murya kamar yadda rairayi ke riƙe sawu. Kowane kwafi ka yi sawun yana ƙara dushewa, ga kuma wannan "shiiii" da ba ya rabuwa da shi. Na'urar dijital kuwa auna sautin take yi sau 44,100 ko sau 48,000 a kowace daƙiƙa, ta rubuta lambobi. In ka kwafi lamba, lambar ce dai, ba ta raguwa. Inda na'urorin suka sha bamban shi ne a kan me suke rubuta lambobin, kuma gida uku ne.

Gidan farko shi ne DAT, wanda Sony ya fitar a 1987. Kaset ne, amma zarensa siriri ne, faɗinsa bai cika milimita 4 ba. A cikin na'urar akwai wata ƴar ganga mai juyawa da gudu wadda ke rubutu a karkace a jikin zaren, irin aikin bidiyon kaset na da, sai dai an ƙanƙance komai. Ba ta matse sauti ko kaɗan, shi ya sa ƙwararru suka rungume ta. Na aljihu da za ka fi cin karo da su su ne Sony TCD-D7, TCD-D8 da TCD-D100. Na rataye a kafaɗa kuwa akwai Tascam DA-P1 da HHB Portadat. Sony ya daina ƙera na'urorin DAT a 2005. Na'ura ce mai kyan murya da saurin fushi: ƙura kaɗan ta hau gangar nan, sauti ya koma tartsatsi.

Gida na biyu MiniDisc, shi ma na Sony, daga 1992. Faifai ne mai faɗin milimita 64 a cikin gidan roba mai ƴar ƙofa. Yadda yake rubutu abin sha'awa ne: hasken leza yana ɗumama wani ɗigo a ƙasan faifan, wani ɗan kai mai maganaɗisu a sama yana juya ɗigon yadda ake so, in ya huce rubutun ya zauna daram. Don haka faifan kansa yana da juriya ƙwarai. Na'urar ce ke tsufa. Domin minti 74 ko 80 su shiga wannan ɗan faifai, ana matse sautin kusan kashi ɗaya cikin biyar da wata dabara mai suna ATRAC, kuma ga maganar mutum kunnenka ba zai kama bambancin ba. A 2000 aka ƙara MDLP, mai ninka lokacin sau biyu ko sau huɗu. A 2004 Hi-MD ya zo da faifan giga 1, wanda ke ɗaukar minti 94 ba matsi. Na ɗan yayana MZ-R50 ce, ta ƙarshen shekarun 1990, mai jikin ƙarfe, irin wadda ƴan rahoto suka sha wahala da ita kuma suka so ta.

Gida na uku masu kati ne, ba abin da ke juyawa a cikinsu. Marantz PMD670 da ƙanwarta PMD660 suna cin katin CompactFlash, wannan mai kauri. Edirol R-09 da Zoom H4 sun fito a 2006 da katin SD, Zoom H2 da Sony PCM-D50 a 2007, Olympus LS-10 a 2008, Zoom H4n a 2009. Waɗannan ma yau sun zama tsoffin kaya, amma tsufansu bai kai na sauran ba.

In ka ga DCC na Philips, wanda ya fito a 1992 aka binne shi a 1996, ko ɗan ƙaramin Sony NT mai kaset kamar kan sarki, ka duba ka yi mamaki ka ajiye wa mai shi.

Mataki na biyu: ta wace ƙofa muryar za ta fito?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta riga tambayar kuɗi, kuma ita ce mutane ke mantawa. Na'urar da ke ɗauka da kyau amma ba ka da hanyar kai abin da ta ɗauka cikin kwamfuta, rijiya ce ba guga.

Mai kati ba ta da wannan damuwa. Ka zare katin, ka sa a kwamfuta, ga fayilolinka. Saboda haka in sabon aiki za ka yi, wato hira da tsofaffi, ko karatu, ko rahoto, ko binciken jami'a, mai kati za ka nema, ba wani dogon tunani. Ni kaina da nake ƙaunar MiniDisc ba zan ba ɗalibi shawarar ya fara aiki da ita a yau ba, tun da Sony ma ya daina yin sababbin faya-fayan a farkon 2025.

DAT da MiniDisc ana neman su ne yanzu don abu ɗaya: ceto abin da ke cikin kwali. A nan sai ka lura da wace na'ura ke karanta wane faifai. Faifan da aka ɗauka da MDLP, in ka sa shi a tsohuwar na'ura irin MZ-R50, za ka ga lokaci yana tafiya, sunan ya fara da "LP:", amma shiru kake ji. Mutane da yawa sun zubar da faifai lafiyayye a kan wannan. Faifan Hi-MD kuwa sai na'urar Hi-MD. Ƙa'idar ita ce sabuwa tana karanta na tsohuwa, tsohuwa ba ta karanta na sabuwa. Haka a DAT: kaset ɗin da aka ɗauka a tafiyar hawainiya don ya ninka lokaci, sai na'urar da ta san wannan tafiyar.

Kada ramin USB a jikin MiniDisc ya ruɗe ka. Waɗanda aka rubuta wa NetMD a jiki an yi su ne don a zuba waƙa daga kwamfuta zuwa faifai, hanyar ba ta komowa. Kamfanonin waƙa ne suka ji tsoron kwafi, suka sa aka toshe ƙofar, mu masu ɗaukar muryar kakanninmu muka kwana a ciki. MZ-RH1 ta 2006 ita ce Sony ya yarje wa ta tura tsoffin faya-fayai zuwa kwamfuta, shi ya sa har yau take tsada. Daga baya wasu masu sha'awa sun rubuta manhaja kyauta, Web MiniDisc Pro, da ke buɗe wannan ƙofa a yawancin NetMD na Sony. In duk wannan bai samu ba, akwai hanyar talaka, za mu zo kanta.

Mataki na uku: a gaban mai sayarwa

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi da kayan gwajinka: batir masu kyau, abin sauraro na kunne, mikro in kana da shi, da faifai ko kaset ko katin da ba ka jin asararsa. Wannan na ƙarshe da muhimmanci. Na'urar da ba ka sani ba ba a fara ba ta faifan da ke ɗauke da muryar mahaifinka, don DAT mai ciwo tana tauna zare, MiniDisc mai ciwo tana iya goge faifai.

Fara da ɗakin batir. Farin gari alamar batir ya fashe a ciki. Kore-kore mai shuɗi alamar tsatsa ta ci ƙarfen. In a bakin ƙarfen kawai ya tsaya, ana gyarawa: ɗan ruwan lemun tsami a kan auduga, a goge, a bi da alkol na kantin magani, a bari ya bushe sarai. Haka muka yi wa ta marigayi, a kan tabarma, da tsinken sakace. In kuwa tsatsar ta bi waya ta shige ciki, ka rage kuɗin sosai ko ka haƙura.

Sai ka duba ramukan jiki. A MiniDisc na Sony ramin mikro ja ne, na layi fari. Wasu, irin MZ-R500 da MZ-N505, ba su da jan ramin sam, an yi su ne don kwafar waƙa. In ɗaukar magana kake so, ba jan rami, ba ciniki. Soka abin sauraro, ka ɗan jujjuya kan wayar a hankali. In sauti yana yankewa ko yana ƙarar-ƙarar, dalmar ramin ta saki. Mai gyaran rediyo a bakin Kasuwar Dole zai iya wannan. Abin da ba zai iya ba shi ne leza da ta gaji ko gangar DAT da ta cinye, don kayansu ba a ƙera su yanzu.

Yanzu ainihin gwajin. Mai kaya zai sa faifai ya kunna, waƙa ta tashi, ya ce, "Alhaji, ka ji da kunnenka, garau take." Ka ce masa, "Na ji tana faɗa, saura in ga tana rubutawa." Rubutu yana buƙatar leza mai ƙarfi fiye da karatu, don haka na'ura tana iya karantawa shekaru bayan ta daina iya rubutu. Akwai kuma wata siririyar waya da ke kai wuta ga kan maganaɗisun nan, tana karyewa da yawan buɗewa da rufewa. Na'urar za ta nuna tana ɗauka, lambobi suna tafiya, a ƙarshe ba komai. Ka ɗauki minti biyar cur, ka tsayar, ka fitar da faifan, ka mayar, ka saurara daga farko har ƙarshe. Minti ɗaya ba ya isa, wasu sai sun yi ɗumi suke nuna halinsu.

A DAT, ka kasa kunne ga yadda take jan zaren lokacin da ka rufe ƙofa. Lafiyayya tana yi sumul cikin ƴan daƙiƙu. In ka ji tana ƙas-ƙas, ko ta ja ta saki ta sake ja, man cikinta ya daskare ko wani haƙori ya karye. Fitar da kaset ɗin ka ɗaga murfinsa ka dubi zaren: in gefensa ya yi tamoji, kada ka ƙara sa mata wani.

Mai kati gwajinta ya fi sauƙi. Ka taɓa kowane maɓalli, ka juya abin ƙara murya kana saurare ko yana ƙarce, ka rufe mikro na dama da yatsa sannan na hagu ka tabbata duka biyun suna ji. Ka yi shiru a ɗaki ka ƙara murya ka ji yawan "shiiii" ɗinta. PMD660 an san ta da shi in aka haɗa ta da mikro mara batir. Jikin wasu, irin H4n, yana yin danƙo in ya tsufa, kamar an shafa masa ƙaro. Muni ne kawai, alkol yana rage shi. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce mai batir a gine a ciki, kamar M-Audio MicroTrack, don batirin shekara ashirin ba abin dogaro ba ne. Mai cin batir ƴan yatsa, waɗanda muke ce wa pil, ita ce ta ƙasarmu.

Kati ma yana da tarkonsa. Katin SD na asali ya tsaya a giga 2. Daga giga 4 zuwa 32 sunansa SDHC, kuma wasu na'urorin farko ba sa gane shi sai an sabunta manhajar cikinsu. Abin da ya haura 32 kuwa, tsohuwar na'ura ba ta san da zamansa ba. Ƙaramin kati ya ishe ka: sauti mara matsi, na kunne biyu, yana cin kusan mega 10 a minti, wato giga 2 zai kai ka awa uku. Kuma a cikin na'urar ake share kati a shirya shi, ba a kwamfuta ba.

Mataki na huɗu: wuta

A nan ake kashe na'urori da yawa a daren farko. Wutarmu volt 220 ce. Kayan da suka fito daga Japan an yi cajarsu don volt 100, na Amurka don 120. In ba ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikin caja ba, kada ka soka ta a bango. In babu cajar asali, a nemi wadda ta dace a abu biyu: yawan volt, da kuma wane ɓangare ne mai ƙari, tsakiyar kan ko gefensa. Akwai ɗan zane kusa da ramin da ke nuna haka. Kamfani ɗaya ma yana saɓawa: Zoom H2 da H4 volt 9 suke ci, tsakiya ragi, H4n kuwa volt 5, tsakiya ƙari. "Ai ya shiga ramin" ba hujja ba ce.

Pil masu araha na tebur, waɗanda ake sa wa tocila, ba sa ɗaukar waɗannan na'urori. TCD-D8 za ta shanye huɗu kafin ka gama gaisuwa. Ka nemi alkalin na gaske, ko mafi kyau masu caji irin Eneloop, jeri biyu, ɗaya a ciki ɗaya a aljihu. Masu caji volt 1.2 suke bayarwa, alkalin 1.5, don haka in na'urar tana da wurin gaya mata irin batirin da ka sa, ka gaya mata, in ba haka ba ma'auninta zai yi maka ƙarya. MiniDisc da yawa suna cin wani siririn batir mai kamar cingam; in ka sami ɗan akwatin pil da ake ɗaura musu a gefe, ka riƙe shi da kyau, ya fi na'urar wuyar samu. In ka gama aiki ka cire batir. Farin garin da ya zubo mini a cinya, shekarun da aka bar pil a ciki ne.

Mataki na biyar: mikro da ma'aunin murya

Ƙaramin ramin mikro yana ba da ƴar wuta kaɗan don ƙananan mikro. Babban rami mai ƙofofi uku, XLR, irin na Marantz da Tascam da H4n, yana iya ba da volt 48 ga mikro na situdiyo. In mikronka ba ya buƙata, ka kashe, batir kawai yake sha. A MiniDisc kada ka soka mikro kai tsaye a jikinta ba waya. Injinta yana tashi lokaci-lokaci ya yi "zzzt" ya kwanta, kuma duk zai shiga cikin hirar. Waya mai tsawon kamu biyu ta raba su.

Kaset na da in murya ta yi yawa yana ɗan ƙoshi ne kawai, a saurara a haka. Dijital ba ta da wannan haƙurin. In ma'auni ya buga sifili, ko ka ga OVER, muryar ta fashe, kuma ba malamin da zai ɗinke ta. Ka sa mai magana ya yi maganarsa ta yau da kullum, ka daidaita har sandunan suna kaiwa wajen 12 ƙasa da sifili. Ragowar filin na dariya ne da tari da "Allahu Akbar" ɗin da zai zo ba shiri.

Akwai saitin da na'ura ke daidaita wa kanta. Ga tsoho mai magana yana tsayawa, wannan saitin mugu ne: duk lokacin da ya yi shiru yana tuno suna, sai ta ɗaga kunne ta jawo kukan akuya da kabu-kabun da ke wucewa a titi, in ya ci gaba ta danne kalmarsa ta farko. Ka daidaita da hannu. Tsoffin MiniDisc na Sony ba sa yarda ka canza ma'auni sai ka ɗan dakatar da ɗauka, na Sharp kuwa suna yarda kana cikin tafiya, abin da ya sa masu ɗaukar kiɗa suka fi son Sharp. In kuwa hawan salla za ka ɗauka a ƙofar fada, inda kakaki da algaita da tambura ke tashi lokaci guda, ka mai da jin mikro zuwa ƙasa, ko ka kunna abin rage ƙarfin mikro, mai lamba 20, in akwai, ka kuma ja da baya. Kakaki a kusa ba ya barin komai a ma'auni.

Lokacin hunturu iska tana bugun mikro kamar ana kaɗa buhu. Soso shi kaɗai ba ya tare ta a fili. A sa masa rigar gashi, in babu ko safar jariri mai kauri ta rage. Ka juya wa iska baya.

Mataki na shida: ranar ɗauka

Wannan matakin da hawaye na koye shi. Shekarun baya na je wajen wani dattijo a cikin Birni, wanda ya ji labarin zamanin Sarkin Damagaram Tanimun da ginin ganuwa daga bakin kakarsa. Sai da na yi zuwa uku da goro kafin ya yarda. Muka zauna a zaure bayan la'asar, ya yi fiye da awa yana zuba, har da waƙoƙin da matan gidansu ke yi. Ina ganin alamar batir ta koma sanda ɗaya, na ce bari ya kai aya. Bai kai ba, fuskar na'urar ta ɗauke. Na ce a raina ai abin da ya shiga ya shiga. Na koma gida na sa sabon pil, faifai ya ce ba komai a cikinsa.

Dalili shi ne MiniDisc ba ta rubuta jadawalin abin da ke faifai sai ka danna tsayawa. A lokacin ne za ka ga TOC Edit yana ƙyaftawa. Kafin wannan, muryar tana kan faifan amma ba taswirar da za ta kai ka gare ta. Na koma wajen dattijon na ce, "Baba, a yi haƙuri, na'ura ta ci amanata." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai na faɗa, iska ta ɗauka." Ya sake ba ni, amma a taƙaice, waƙoƙin kuwa ya ce ba sa zuwa sau biyu.

Don haka: sabon batir a farkon kowace hira, ka riƙa tsayarwa duk minti ashirin ko talatin in magana ta ba da dama, kuma kada ka girgiza na'urar ko ka taɓa batir yayin da TOC Edit ke ƙyaftawa. Masu kati da yawa ma haka suke, fayil ba ya rufuwa sai an tsayar. A tsoffin Sony akwai maɓallin END SEARCH. In faifan yana da abu a ciki ba ka danna shi ba kafin ka fara, sabuwar ɗauka za ta hau kan tsohuwa. Kuma a na'urori da yawa dannawa ɗaya shiri ne kawai, jan haske yana ƙyaftawa. Sai ka sake dannawa ta fara. Ka kalli lambobin lokaci da idonka ka ga suna tafiya.

Da ka fara, ka faɗi ranar da wurin da wanda kake tare da shi, ka kuma nemi ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda a ɗauka. Agogon cikin tsohuwar na'ura yana iya rikicewa in aka cire batir, muryarka ce kwanan watan da ba ya gogewa. Ga hira da mutum ɗaya, saitin kunne ɗaya a MiniDisc yana mai da faifan minti 80 ya zama 160.

Zafin watan Afrilu da Mayu ba ya yi wa kowace na'ura daɗi: kada a bar ta a mota ko a akwatin babur. Daga jaka zuwa hannu, daga hannu zuwa jakar leda mai zif, saboda ƙura. Faifai da kaset a canza su a cikin ɗaki. Da damina kuma, in ka fito da DAT daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje, raɓa tana kwanta wa gangar, zare ya manne. Ka ba ta kamar awa ɗaya ta saba da iskar wurin.

Mataki na bakwai: kwashewa

Kafin komai, ka kulle abin da za ka kwashe. A gefen faifan MiniDisc da bayan kaset ɗin DAT akwai ɗan maƙulli da ake turawa. In ramin ya buɗe, ba a iya rubutu a kai. Kaset ɗin DAT da ya daɗe a ajiye, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna, zaren ya saki jiki. In ka hango farin fumfuna ta tagarsa, kada ka sa shi a na'ura. In sauti yana tartsatsi, kaset ɗin goge kai na daƙiƙa goma ya isa, kuma ba kullum ba, don yana cin kan. Auduga a tsinke ba ta shiga wajen gangar DAT. In kuma na'urar da ta ɗauki kaset ɗin tana nan da rai, fara gwada shi a cikinta, don wani lokaci saitinta ya ɗan karkace, ita kaɗai ke karanta rubutun hannunta.

Hanya mafi tsabta ita ce lambobi su tafi a lambobinsu: USB ga MZ-RH1 ko NetMD, ko wayar dijital ga DAT. Ƙananan DAT na Sony suna da wani rami nasu na daban mai ƙofofi bakwai, wayarsa kuwa sai an tona. In babu, ga hanyar talaka: waya daga ramin fitar sauti na na'urar zuwa ramin shigar layi na kwamfuta, ko na ɗan akwatin sauti na USB, ko ma na wata rakoda mai kati. Ramin mikro na kwamfuta ba ya yi, yana fasa murya. Ka buɗe manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce, ka daidaita ma'auni kamar yadda muka faɗa, ka danna ɗauka, ka kunna faifan. Awa ɗaya tana cin awa ɗaya, ba gajeriyar hanya. In ka ji wani "huuum" a ƙasa, zare cajar kwamfutar ka yi aiki da batirinta.

Ka ajiye a WAV, wato fayil ɗin sauti mara matsi, ka sa wa fayil suna da shekara da wata da rana da abin da ke ciki, ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin faifan ka ajiye tare. MP3 na rabawa ne, ba na ajiya ba. Kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. In za ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, ya isa yadda yake.

Da ɗan yayana mun yi makonni muna wannan, faifai biyu ko uku bayan isha'i. Yawanci rahotanni ne na kasuwa da taron manoma a Mirya da Magarya. A faifai na goma sha wani abu muka ji guɗa, da hayaniyar mata, sai muryar marigayi kusa da mikro yana cewa, "Ku yi shiru mana, ana ɗauka." Sunan yaron ne, ranar da aka raɗa masa. Ya ce in mayar baya, na mayar sau uku. Faya-fayan mun kulle su mun jera a gwangwanin biskit, suna ɗakin Innarsa. Kaset-kaset ɗin DAT guda tara kuwa suna nan a kwalin, mun tura su gaba mun dawo da su da na'urar aro wadda ba ta karatu, muna cigiyar mai lafiya.